Taƙaitawar Shawarwari Kan Kare Majinyata Daga Cutar Jini ta Hanyar Robar Jijiya

Likitoci da ma'aikatan jinya da suka tattauna wannan batu sun fi tsayawa a kan robar da ake zurawa cikin babbar jijiyar wuya ko ta ƙirji a sashen kulawa ta musamman, domin ita ce ƙofar da ƙwayoyin cuta ke bi su shiga jini kai tsaye. Misalin da aka yi ta kawowa shi ne aikin jihar Mishigan ta Amurka, wanda Dakta Peter Pronovost ya jagoranta aka wallafa sakamakonsa a 2006, inda kamuwa ta ragu da kusan kashi 66 cikin ɗari a sassa 103.

Matakan ba su da wuya: wanke hannu, sanya hula da takunkumi da riga da safar hannu tare da lulluɓe majinyaci gaba ɗaya, goge fata da kulohezidin (maganin kashe ƙwayoyin cuta) a bari ta bushe, guje wa jijiyar matsematsi, da cire robar da zarar buƙatarta ta ƙare. Amma abin da aka fi jaddadawa, kuma a ganina shi ne gishirin zancen, shi ne a ba ma'aikaciyar jinya ikon dakatar da likita idan ya tsallake mataki, ko da babba ne.

An kuma shawarta cewa horo ya zama a bakin gado, a riƙa maimaita shi ga sababbin ma'aikata, a ga kowa yana goge bakin robar na daƙiƙa 15 kafin ya zuba magani, sannan a sauya bandejin da ya jiƙe nan take.