Buharin Haɗeja: gwarzo ne ko ɗan tawaye?

Garba: Ina nan a kan bakana, Haɗeja ba ta taɓa yin sarki kamar Buhari ɗan Sambo ba. Sakkwato ta tuɓe shi a 1850, ya dawo da ƙarfin takobinsa ya karɓe gari, ya riƙe har 1863. Wane sarki ne a daular ya yi wa Sarkin Musulmi haka ya kwana lafiya?

Malam Idi: Garba, ka faɗi rabi ka haɗiye rabi. Me ya sa aka tuɓe shi? Ɗan'uwansa Nalara, Sarkin Auyo, ya sa aka kashe. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya turo Waziri, aka kira Buhari Katagum, bai miƙa wuya ba, sai aka naɗa Ahmadu. Shi ma Ahmadun, ɗan ubansa, a hannun mutanen Buhari ya rasa ransa. Tutar Shehu fa gidansu suka karɓa. Wanda ya ɗaga wa mai tuta takobi, a littafi sunansa ɗan tawaye.

Garba: Allah ya gafarta Malam, littafin wa? Waɗanda ya kora a yaƙin Kaffur su suka rubuta shi. An tara masa rundunar Kano da ta sauran masarautu, har da Galadiman Kano Abdullahi wanda ya zama sarki daga baya, ya tarwatsa su. Har gobe in aka ce Gamon Kaffur, Bahaɗeje sai ya gyara zama.

Hajiya Larai: Ku maza da an ce yaƙi sai ku hau lissafin dawaki. Ƙauyukan gabashin Kano da ya yi shekaru yana kai wa hari fa? Matan da aka kora gaba aka sayar, ba Musulmi ba ne? Ku je can ku yi wannan kirarin ku ji amsar da za a ba ku.

Ɗanjuma: Hajiya, wannan gaskiya ce, amma wane sarki ne a wancan zamani bai kama bayi ba?

Hajiya Larai: Yaro, ai shi ne nake cewa a rage kirarin, ba a ƙara ba.

Malam Idi: Ni abin da ke ba ni mamaki, ga Sarkin Haɗeja Muhammadu Mai Shahada kun tsallake shi. Sakkwato ta faɗi a 1903, Kano ma haka, shi ya tsaya. A watan Afrilu na 1906 Turawa suka shigo Haɗeja da bindigogi masu aman wuta, ya ƙi gudu, aka kashe shi da manyan bayinsa da 'ya'yansa a cikin gari. Wannan baƙo ya yaƙa. Buhari kuwa 'yan'uwa.

Garba: To wa ya gina rundunar da ta iya tsayawar? Mai Shahada ɗan Haruna ne, jikan Sambo, gida ɗaya. Dawakai da jarumai da taurin kan da Turawa suka tarar, Buhari ya bar su. Ba don shi ba, da Haɗeja 'yar ƙaramar masarauta ce tsakanin Kano da Barno, kowa ya zo ya taka.

Malam Idi: Shekara arba'in da uku ke tsakaninsu, Garba. Dokin da Buhari ya hau ya je Gogaram, inda Badawa suka kashe shi, bai ga Bature ba.

Ɗanjuma: Malam ya kama ka a nan. Sai dai ni ina ga tsoron da ya sa wa makwabta shi ya faɗaɗa ƙasar, kuma ƙasar ce ta ciyar da rundunar 1906.

Hajiya Larai: To a rubuta cewa ya faɗaɗa ƙasa, a kuma rubuta sunan Nalara da Ahmadu a layi na gaba. In an yi haka ba ni da magana.

Garba: A rubuta, Hajiya, amma Kaffur a layin farko.