Yaron shago ɗa ne, ba a rubuta takarda da ɗa: gaskiya ne?

Dillalin albasa, Mile 12: Assalamu alaikum jama'a. Yanzu yara 'yan boko sun fito da cewa duk wanda ya ɗauko yaro daga gida ya kawo shi Legas sai ya rubuta yarjejeniya da shi. Ni ban yarda ba. Yaron da ka ba wurin kwana, kuke ci a kwano ɗaya, in ya kwanta ciwo kai za a kira, wannan ɗanka ne. Ranar da ka miƙa masa biro ka ce sa hannu, ka gaya masa ba ka amince da shi ba, shi kuma daga nan zai fara ƙirga maka awa. A kasuwarmu mota tana isowa daga Arewa da tsakar dare, in ba a sauke ba kaya su yi zafi su fara ruɓa, ba mai duba agogo. Iyayenmu da suka kafa cinikin goro a Agege da amana suka riƙe yaransu: ka yi hidima, a yi maka aure, a ba ka jari.

Malamin Islamiyya, Agege: Wa alaikumus salam. Alhaji, niyyarka mai kyau ce, amma a duba Suratul Ƙasas, aya ta 26 zuwa 28. Dattijon Madyana zai ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, zai kuma ba shi 'yarsa. Kusanci ba ya wuce wannan. 'Yar ma ta riga ta shaide shi da ƙarfi da amana. Duk da haka dattijon ya yanka wa'adi: shekara takwas, in ka cika goma daga gare ka ne, kuma ba na son in tsananta maka. Annabi Musa ya amsa da cewa kowanne daga wa'adin biyu ya cika, babu ƙetare haddi a kansa, Allah ne wakili. Ga suruki da suruki, amma an faɗi tsawon aiki, an faɗi sakamako. A fiƙihu ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ba ta inganta sai an san aikin, an san ladan. "Zan taimake ka in na ga hankalinka" ba lada ba ne sananne.

Dillalin albasa: Allah ya gafarta Malam, da baki suka yi, ban ji an ambaci takarda ba. Kuma bayan ayar bashi ta Baƙara, aya ta 283 ta ce in sashenku ya amince wa sashe, wanda aka amince wa ya mayar da amanarsa.

Malamin Islamiyya: Haka ne, shi ya sa mafi yawan malamai suka ce rubutawar mustahabbi ce. Amma ayar da ta gabace ta, ta 282, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta faɗi dalili: shi ne mafi adalci a wurin Allah, mafi tsayar da shaida, mafi kusa ga kada ku yi shakka. Sahabbai aka fara faɗa wa wannan, waɗanda suka fi mu amana. Fayyace sharaɗi kuwa, ko da baki ne a gaban shaidu biyu, wannan ba zaɓi ba ne.

Mai gidan abinci, Idi-Araba: Baba Alhaji, ka yi haƙuri in sa baki. Ai gidan Bahaushe ma da ƙa'ida yake tafiya. A gandu kowa ya san lokacin da ake aikin gonar gida da lokacin da saurayi zai tafi gayaunarsa, abin da ya noma a can nasa ne. An san abin da ke kan maigida: iri, kayan aiki, haraji, abinci, da kuɗin auren fari. Uba bai taɓa cewa tunda ɗana ne ba ya buƙatar gayauna ba. To ina gayaunar yaron shago?

Sannan abin da ya fi ci mini rai, mutuwa. Yaro ya yi shekara tara yana ɗaukar buhu, maigida ya rasu, magada su taho daga gida da malamin rabon gado. Yaron nan ba shi da ko sisi, domin kiran mutum ɗa ba ya sa shi cikin magada. Wanda ake ce masa ɗan gida jiya, yau a ce ya ba da makullin shago.

Malamin Islamiyya: Hajiya ta taɓo babbar mas'ala. Suratul Ahzab aya ta 4 da ta 5 ta raba ɗan riƙo da ɗan cikinka. Kuma a mazhabar Malikiyya, kyautar da ba a karɓa a hannu ba har mai ita ya rasu, ta ɓaci. Alkawarin jari da baki zai iya tafiya haka. Amma in an tsara shi a matsayin ladan aiki, an rubuta, ya zama bashi a kan dukiyar, kuma ana biyan bashi kafin wasiyya da gado. Wasiyya ma hanya ce, sai dai ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku.

Akanta, Ikeja: Bari in kawo shi ƙasa, don wasu suna jin takarda sai su hango lauya. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa ko da ajami. A rubuta ranar da yaro ya fara. A rubuta wane irin zama ne, don a nan ake yawan rikici: albashi ne, ko ƙiradi ne wato jarinka aikinsa ku raba riba, ko koyon sana'a ne da sallama a ƙarshe. In albashi ne, nawa, ran nawa ga wata, kuɗin abinci da na mota a ciki suke ko daban. In ƙiradi ne, rabon ya zama kaso, rabi ko ɗaya cikin uku, ba adadi yankakke ba. Misali jari miliyan 2, riba ta fito 300,000 bayan an cire haya da dako da kuɗin ƙungiya, mai ɗaya cikin uku ya ɗauki 100,000. In aka faɗi ba da sakacinsa ba, asarar kuɗi a kan mai jari take, shi yaro wahalarsa ce ta tafi. In sallama ce, shekara nawa, kuma me za a ba shi. Kada a rubuta naira kawai, don darajarta tana zaizayewa. A ce buhu kaza na albasa da hayar rumfa ta shekara ɗaya. Shaidu biyu, ɗaya daga danginsa, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa.

Doka ma tana nan. Sashe na 7 na dokar ƙwadago ya ce a ba ma'aikaci bayanin sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su wuce. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma 70,000 a 2024. Wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba dokar albashin ba ta hau kansa ba, amma ma'auni ne mai kyau ga mai son sanin ko yana tauye yaro a gari mai tsada kamar wannan.

Shugaban direbobi a wani kamfanin dako, Apapa: Ni kam rabin maganar Alhaji nake goyon baya. Takarda ba ta zuwa dubiya asibiti. Akwai wuraren da komai a rubuce yake, amma direba ya kwana uku a layin shiga tashar jirgin ruwa ba wanda ya kira ya ji ko ya ci abinci. Irin wannan wurin mai yana ɓacewa daga tanki, kuma babu takardar da za ta hana. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma, Annabi (SAW) bai taɓa ce masa ko "uf" ba. Hadisin Abu Zarri a kan masu hidimar da ke ƙarƙashinku ya ce ku ciyar da su daga abin da kuke ci, ku tufatar da su daga abin da kuke sawa, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora ku taimake su. Shugaban da ke tsayawa har a gama sauke kaya, ya ja yaro gefe in zai yi masa faɗa maimakon gaban kwastoma, shi ake tsare wa dukiya.

Amma Alhaji, in ɗa ne, a yi masa adalcin 'ya'ya. Ɗan cikinka ya zo shago ƙarfe sha ɗaya ya ɗebi kuɗin aljihun tebur ba a rubuta ba, ranar ƙidaya a ga giɓi, a ce yaro ne. Wannan shi yake kashe wuri. Duk wanda ya ɗauki kuɗi, har kai maigida, a rubuta a littafin shago.

Akanta: Wannan gaskiya ne. A ƙara da cewa kada kuɗin ciniki su riƙa shiga asusun yaro na kansa. A sa POS da taransfa a asusu ɗaya na shago, a daidaita da littafi kowane dare kafin a rufe, ƙidayar kaya kuma duk mako. Giɓin kwana ɗaya ana tuna dalilinsa, na wata shida sai zargi.

Dillalin albasa: Littafi da ƙidaya na yarda, maganar mutuwa ma ta shige ni. A kira uban yaro da shaidu a faɗi shekarun sallama da abin da za a ba shi, wannan zan iya kai wa 'yan ƙungiyarmu. Amma awannin aiki a kayan gwari, Akanta, ba za su rubutu ba.

Mai gidan abinci: Ba sai an rubuta awa ba, Baba. A rubuta cewa wanda ya kwana sauke mota zai huta har azahar, a yi karɓa-karɓa tsakanin yaran, kuma kowa ya san watan da zai je gida ganin iyaye da wanda zai biya masa kuɗin mota.