Ina son kai Hajiyarmu Pamukkale daga Istanbul: shin tafiyar ta dace da dattijuwa?

Ɗan Kwari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida ke nan ina zuwa Istanbul saro kaya, amma ban taɓa wuce shagunan Laleli da Merter ba, daga nan sai filin jirgi. A wannan karon, cikin watan Oktoba in Allah ya kai mu, zan tafi da Hajiyarmu, kuma ba na so ta dawo Kano ba ta ga komai ba sai dilolin yadi. Wani Baturke da nake sayen tawul a wurinsa, mutumin Denizli ne, ya daɗe yana kwaɗaita mini wani gari kusa da su mai suna Pamukkale, inda ruwan ɗumi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, a samansa kuma akwai kufan wani tsohon birni. Hajiya shekarunta 68, tana fama da ciwon gwiwa da hawan jini. Ina roƙon wanda ya taɓa zuwa ya gaya mini gaskiya: yaya hanyar take, kwana nawa ya ishe mu, za ta iya hawan, kuma ruwan yana maganin gwiwa kamar yadda aka ce mini? Sannan yaya batun sutura a wurin wankan?

Ɗalibi a Izmir:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Sau uku na je, don haka bari in fara da hanya. Kada ka sa Hajiya a motar dare, domin daga Istanbul zuwa Denizli awa tara ne ko goma a zaune, kuma gwiwar da ake lallaɓawa ba za ta ji daɗin haka ba. Jirgin sama kimanin awa ɗaya yake yi zuwa filin Çardak, wanda ke da nisan kusan kilomita 65 daga birnin Denizli, daga birnin kuma kimanin kilomita 20 ne zuwa Pamukkale. A babbar tashar motar Denizli akwai ƙananan bas da suke kira dolmuş, cikin rabin awa sun kai ku.

Ma'anar sunan da Turkanci ita ce fadar auduga, kuma duk wanda ya hango wurin daga nesa zai yarda da sunan, don sai ka ce an shimfiɗa kaɗa a jikin dutse. Ba ƙanƙara ba ce kuma ba gishiri ba ne. Ruwan yana fitowa da ɗuminsa, kimanin digiri 35, ɗauke da sinadarin farar ƙasa narkakke. Da ya sha iska sai iskar da ke cikinsa ta fice, farar ƙasar ta kwanta ta daskare, a haka cikin dubban shekaru ta gina tafkuna hawa-hawa a jikin tudun da tsayinsa ya kusa mita 200.

Abin da ya fi muhimmanci a gare ku shi ne ƙofar shiga, domin uku ne. Ta ƙasa, wadda ke bakin gari, ita ce ake cire takalmi a hau tudun gaba ɗaya da ƙafa cikin ruwa, kuma ba ta Hajiya ba ce. Ta arewa tana bi ta tsohuwar maƙabarta, tafiyar doguwa ce. Ku sa ɗan tasi ya kai ku ƙofar kudu, wadda ke saman tudun, daga nan hanya shimfiɗaɗɗiya ce har bakin tafkunan, Hajiya ta cire takalmi ta sa ƙafa a na farko ta dawo.

Ka kuma sani cewa ba kowane tafki za ku tarar da ruwa ba. An taɓa gina otal-otal a saman tudun, an kuma yi titin mota a jikinsa, har farin ya fara dafewa. Bayan UNESCO ta saka wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988 aka rushe otal-otal ɗin, aka mayar da titin tafkuna na ginin hannu, aka hana takalmi, ake kuma juya ruwan daga wannan sashe zuwa wancan. Wanda ya zo da hoton da ya gani a intanet a ransa yakan ɗan ji sanyin jiki. A ganina yini guda ya isa.

Malamin Tarihi:

Ɗana na Izmir ya yi bayani mai kyau, sai dai ban yarda da shi a kan yini guda ba. Masu yini guda su ne ke isowa da tsakar rana tare da motocin 'yan yawon buɗe ido, hasken farin dutsen yana kashe musu ido, su ɗauki hoto su tafi ba su ga birnin ba. Ku kwana biyu, ku shiga da sassafe ko da la'asar sakaliya.

Sunan birnin Hierapolis. Sarakunan Pergamon, wata tsohuwar masarauta a yammacin Turkiyya ta yau, su ne suka kafa shi a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya koma hannun Rumawa a shekara ta 133 kafin haihuwarsa. Girgizar ƙasa ta rushe shi a shekara ta 60 bayan haihuwarsa, zamanin Nero sarkin Rumawa, aka sake gina shi, kuma mafi yawan abin da ake gani yau na bayan wannan ginin ne. Tun 1957 masana daga Italiya ke tono a wurin. Akwai dandalin wasanni na dutse wanda ke ɗaukar mutum fiye da 10,000, amma a kan gangare yake, don haka kai ka hau, Hajiya ta jira ka a inuwa. Gidan kayan tarihin, wanda a cikin tsohon gidan wankan Rumawa aka yi shi, yana kusa da tafkunan kuma za ta iya zagaya shi.

Akwai wani kogo da mutanen wancan zamani suka ɗauka ƙofar lahira ce, suna kiransa Plutonium. Bokayen wurin sukan shigar da dabba ta faɗi matacciya, su kuma su fito lafiya, jama'a su yi ta mamaki. Strabo, masanin ƙasa na Girka, ya rubuta cewa ya jefa ƙananan tsuntsaye ciki suka mutu nan take. Yau an san dalili: iskar kabon ce ke fitowa daga tsagin ƙasa, kuma da yake ta fi iskar shaƙa nauyi, a ƙasa take kwanciya, sai ta kama dabbar da hancinta ke kusa da ƙasa ta bar mutumin da ke tsaye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maƙabartar, mai kaburbura fiye da 1,200, ta miƙe kusan kilomita biyu. Tun wancan zamani marasa lafiya ke tahowa daga nesa neman waraka a wannan ruwa, kuma da yawansu a nan aka binne su. Na tsaya a cikinta na tuna umarnin da Alƙur'ani ya yi mana na mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ɗan uwa, Allah ya yi maka albarka da wannan niyya. Ni aikina ke nan, don haka zan amsa batun gwiwa kai tsaye. Ruwan ɗumi yana sassauta jijiya, yana rage ciwo na ɗan lokaci, mutum ya yi barci mai daɗi, amma ba ya mayar da gurunguntsin da ya riga ya cinye. Kada Mama ta ajiye maganinta saboda ta ji sauƙi. Saboda hawan jinin, ta ga likitanta kafin ku tashi, kada ta wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin a cikin ruwa, ta tashi a hankali domin jiri yakan kama mutum, ta kuma sha ruwa sosai. Idan ka taɓa shiga ruwan Wikki na Yankari, wanda ɗuminsa kimanin digiri 31 ne, to wannan ya ɗan fi shi.

Tafkin da suke kira na Cleopatra shi ne mai ginshiƙan marmara a kwance a ƙarƙashin ruwa, waɗanda girgizar ƙasa ta zubar. Kuɗinsa daban ne da na ƙofa, kuma maza da mata a cakuɗe suke cikin kayan ninkaya. Ban ga Mama a nan ba, ga duwatsun kuma suna da santsi. A kan farin tudun ma za ku ga masu irin wannan shiga, amma Turkawa mata masu lulluɓi da yawa suna zuwa, su ɗan ɗage siket su taka ruwa, ba mai kallonsu. Ni a nan na zame na bugu a ƙugu, saboda na taka inda laka ta kwanta ina kallon waya, don haka ka riƙe hannunta, ku taka inda dutsen ke da kaushi.

Shawarata ku sauka a Karahayıt, kimanin kilomita biyar arewa da Pamukkale. Ruwansu ja ne saboda sinadarin ƙarfe, ya fi zafi nesa ba kusa ba, kuma masaukai da yawa suna jawo shi har cikin ɗaki, inda Mama za ta surka shi ta jiƙa ƙafafunta a asirce. Masallaci da abincin halal ba abin damuwa ba ne a can.

Ɗan Kwari:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun tsaya a kan jirgi, kwana biyu a Karahayıt, da ƙofar kudu. Malam, ko akwai wani abu kusa da zan iya haɗawa da shi, tunda ina son leƙa masaƙun Denizli?

Malamin Tarihi:

Akwai kufan Laodikiya, kimanin kilomita shida daga Denizli a kan hanyarku, birnin da tun zamanin Rumawa ya yi suna da baƙin ulu, ka ga sana'arku ta daɗe a wannan kwari. Sai dai ba shi da inuwa, don haka ka je kai kaɗai da safe yayin da Hajiya ke hutawa, daga nan ka wuce masaƙun kafin azahar.