Masu baki sun farka, masu shiru sun ƙara shigewa ciki

Malama B.: Assalamu alaikum 'yan uwa malamai, don Allah ku ba ni shawara. Lissafi nake koyarwa a SS2, makarantar 'yan mata a cikin garin Kano. Da can firamare nake a Kurna, aure ya kawo ni Gwale, ga uwar mijina ba lafiya, sai da aka sha fama kafin a ba ni canjin wuri. Yanzu jarrabawar kwalifayin, wato ta tantance ɗalibai kafin NECO, ta matso. Na kawo gasa layi da layi, masu baki har rige-rigen fitowa allo suke. Masu shirun kuwa abin ya ƙaru. Wadda ta fi kowa maki a takarda na kira ta allo, sai kuka. An ce akwai gwajin hali na Myers-Briggs mai raba mutane gida 16. In yi musu?

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. Malama, ki rabu da shi. Wata Ba'amurkiya da 'yarta suka tsara shi bisa littafin masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung na 1921, kuma mutum kan sake yinsa bayan 'yan makonni ya faɗa wani gidan daban. Kunya ce kawai ke damun yarinyar. Ki riƙa fito da ita kullum har ta saba. NECO ba ruwanta da hali.

Maman Hanif: Haba Baba! Haka aka yi wa ɗana har ya tsani lissafi, yanzu yana kasuwar Kwari yana jiran shago, malamin ko haƙuri bai ba mu ba. Malama, ki haɗa su bibbiyu, mai shiru ta warware a littafi, mai baki ta fito ta bayyana.

Malam na Ɗorayi: Su nawa ne ma a ajin? Ɗalibaina sun haura ɗari, rabi a ƙasa suke zaune. Wa ke da lokacin sanin halin kowa?

Tsohon Hedimasta: Lallashin nan ne ya lalata karatu, 'yata. A zamaninmu ba a yi haka ba.

Malama B.: Na gode, amma gasar nan ba zan daina ba, ita ta tashi ajin. Bibbiyun ma na gwada, surutu ya zama. Ni dai tambayata, gwajin nan akwai shi da Hausa?

Malam na Ɗorayi: Ba ki faɗa mana yawansu ba har yanzu.