Masu yawo da wasan 'yar tsana makaranta-makaranta: ta ina suka fara, me suke ci?

Malamar aji uku ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina koyarwa a wata firamare a Zariya, yara hamsin da 'yan kai a aji ɗaya. A zangon da ya wuce na ɗauki wata tsohuwar safar maigidana, na ɗinka mata maɓalli biyu a wajen ido, na zura hannu ciki na ce da yara ga Ƙoƙi ta zo koya musu wanke hannu. Wallahi ajin da sai na buga tebur sau uku yake yin shiru, ranar ko tari babu. Akwai wani yaro da tun farkon shekara bai taɓa ɗaga hannu ba. Bayan an tashi ya tsaya a bakin tebur, ba ni yake kallo ba, safar yake kallo, ya ce, "Ƙoƙi, kin ci abinci?"

Tun ranar abin ya tsaya mini a rai. Ina son in haɗa 'yan tsana huɗu ko biyar in riƙa kai wasan wasu makarantu. Ƙanin maigidana ya nuna mini bidiyon wata ƙatuwar 'yar tsana, ta fi katanga tsawo, tana tafiya a titi a Turai, ya ce waɗanda suka ƙera ta da yawon makarantu suka fara. Da gaske ne? Su wane ne? Kuma abin da ya fi damuna, da me suka ci abinci a farkon?

Tsohon ɗalibin wasan kwaikwayo ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Ƙanin maigida bai yi ƙarya ba. Sunan 'yar tsanar Amal, sunan kamfanin Handspring, 'yan Afirka ta Kudu ne. Na yi rubutun kammala digiri a kansu, don haka ki yi haƙuri in na ja zance.

Mutum huɗu suka kafa shi a Cape Town a 1981: Adrian Kohler, Basil Jones, Jill Joubert da Jon Weinberg. Biyun farko su suka riƙe shi har ya yi suna. Sun haɗu ne a makarantar koyon zane ta Michaelis a Jami'ar Cape Town. Kohler ya gaji abin a gida, mahaifiyarsa tana wasan 'yar tsana. Shi kuwa Jones da farko raina sana'ar yake, yana ganin shirmen yara ce. Abin da ya juya masa tunani 'yan tsanar Bambara ne na ƙasar Mali, da ya gani lokacin suna zaune a Botswana yana aiki a gidan tarihi na Gaborone. Ya gane ashe nan Afirka ta Yamma manya ne ke wannan wasa a dandali, gari ya taru yana kallo.

Shekara biyar ɗin farko kuwa, abin da kike tunanin yi shi suka yi. Su loda dandamali da fitilu da 'yan tsana a babbar mota, su kama hanya, yau wannan makaranta gobe waccan. Su ne masu sassaƙa, su ne masu wasa, su ne 'yan dako. Makarantun ke biya, da wannan kuɗin suke zuba mai su ci abinci su ƙera wasan baɗi. Nan amsar tambayarki take, kuma nan raunin yake: duk abincinsu yana hannun ƙofar makaranta. A 1985 gwamnatin wariyar launin fata ta kafa dokar ta-ɓaci, makarantu suka zama fagen tarzoma, shiga da wasa ya gagara. Kasuwarsu ta mutu ba don wasan ya lalace ba. Dole suka koma Johannesburg suka shiga shirye-shiryen yara na talabijin, suka kuma fara yi wa manya wasa. Daga 1992 suka haɗa kai da mai zane William Kentridge, wasanninsu suka yi suna a Turai.

Wanda ya fi burge ni shi ne na 2004, mai suna Tall Horse, da suka yi tare da ƙungiyar Sogolon ta Yaya Coulibaly daga Bamako. Labarin wani raƙumin dawa ne da aka kamo a Sudan, mai mulkin Masar ya aika wa Sarkin Faransa kyauta, aka taka da shi a ƙafa daga Marseille har Paris a 1827. Kin ga sun koma wurin mutanen da suka fara buɗe musu ido. Raƙumin dawan da suka ƙera shi ya ja hankalin gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan, aka ba su aikin dawakan wasan War Horse, wanda aka fara nunawa a 2007.

Dokin nan ya isa a tsaya a kansa. Da irin sandar da ake saƙa kujera aka yi ƙwarangwal ɗinsa, a jiƙa ta, a lanƙwasa, a ɗaure, sannan a rufa da yadi shara-shara har kana hango mutanen ciki. Mutum uku ke riƙe da shi: ɗaya a kai, ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙugu. Kunnuwan da hannun birkin keke ake motsa su. Amma sirrin ba a birkin yake ba, a numfashi yake. Na ƙirjin yana ɗan durƙusawa yana miƙewa, sai ka ga haƙarƙarin doki na hawa yana sauka. Ba a ɓoye mutanen ba, ga su kana gani, amma minti biyu ka manta da su. A ganina, kuma wannan ra'ayina ne, a gaban 'yan firamare suka koyi wannan. Babba zai zauna ya jure wasan banza don kunya ko don kuɗin tikitinsa. Yaro kuwa da zarar abin ya mutu a hannunka zai juya ya mintsini na kusa da shi.

Amal da kika gani ta 2021 ce. Tsawonta mita 3.5, an yi ta a matsayin yarinya 'yar gudun hijira daga Siriya, aka yi tafiyar kilomita 8,000 da ita daga Gaziantep a Turkiyya zuwa Manchester a Ingila. Mutum ɗaya ke cikinta a kan dogayen sanduna da aka ɗaura masa a ƙafa, biyu na riƙe da hannayenta.

Shawarata ɗaya: gobe in kin sa safar, kada ki yi gaggawar ba ta magana. Ki bar ta ta yi numfashi, ta kalli yara ɗaya bayan ɗaya tukuna.

Ɗan Agege ya amsa:

To su ne kenan suka kawo namun dajin kwali Legas a watan Afrilu na 2025? Na gani da idona, yara na ta bin su da gudu.

Tsohon ɗalibin wasan kwaikwayo ya amsa:

Ba su ba ne kai tsaye, ɗan'uwa. Waɗanda suka shirya tafiyar Amal ne suka shirya wannan, amma ƙirar dabbobin ta ƙungiyar Ukwanda ce, matasan Cape Town da suka koyi sana'ar a hannun mutanen Handspring. Ka ce almajiransu.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Malama, sannu da ƙoƙari. Ni gyara ɗaya gare ni ga masu zaton abin baƙo ne. Mu nan muna da ɗiyan dabo tun kafin a gina lakwal, wato makarantar boko. Kakana ya sha ba mu labari: mai wasa zai zo ran kasuwa, ya kafa sanduna ya lulluɓa babbar riga, ya shige ƙasa, ƙananan mutane su leƙo ta wuyan rigar suna faɗa da juna. Akwai abin da yake sawa a baki muryar ta fito siririya kamar ta tsuntsu, sai wani na waje ya riƙa maimaita wa mutane abin da suka ce. Ni ban riski ko ɗaya ba. Ba mota, ba fitila, kayansa duka a buhu ɗaya. In za ki fara yawo, wannan ya fi kusa da aljihunki a kan motar mutanen Cape Town.

Hajiya mai makaranta ta amsa:

'Yata, ni makaranta gare ni shekara goma sha, bari in faɗa miki ta ɓangaren mai buɗe ƙofa. Kada ki zo mini da "wasa". Ki zo da darasi: wanke hannu, tsallaka titi, jadawalin sau. Minti ashirin, ba ya cin lokacin lissafi. Sannan ki sani akwai iyayen da za su tambaya game da mutum-mutumi. Kada ki yi musu, ba fagenki ba ne. Ki je wurin malamin Islamiyyar makarantar tun kafin ranar, ki nuna masa kayanki, ya gani safa ce da maɓalli, irin 'yar tsanar da 'ya'yanmu ke goyawa da ɗankwali. In ya amince, shi zai amsa wa iyaye. Wani ya taɓa kawo mana wasa bai yi haka ba, washegari iyaye uku na zaune a ofishina tun kafin a buga ƙararrawa.

Batun kuɗi kuma, ranar farko kada ki yanka farashi. Ki ce a ba ki na mota.

Malamar aji uku ta amsa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, na riƙe maganarki, ranar Asabar zan je wurin malamin. Malam, na gwada numfashin yau da safe. Ƙoƙi ta fito ba ta ce uffan ba, tana ta kallonsu, har wata yarinya a bencin gaba ta rufe fuska da hijabi tana dariya. Matsalar yanzu Gizo nake son ƙarawa, kuma maigida ya fara ƙirga safarsa. Wa ya san inda ake samun soson katifa mai arha a Sabon Gari?