Mijina soja ne, ya aiko min da saki ta waya daga filin daga, ina zan dosa?

Ɓoyayyiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Anti don Allah a sakaya sunana. Ina zaune a ɗaya daga cikin barikokin nan na Zariya, mijina kofur ne, tun bara aka tura su Arewa maso Gabas. 'Ya'yanmu uku, ƙaramar tana nono. Mun ɗan haura sama a waya kan kuɗin cefane, don abin da yake turowa ba ya kai mu tsakiyar wata. Ranar Juma'ar nan sai ga saƙo ta WhatsApp, wai ya sake ni saki ɗaya. Tun daga nan wayarsa a kashe take. Washegari yayansa ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, ko zama bai yi ba, ya ce in haɗa kayana, in bar masa manyan yaran biyu da mukullin ɗaki. Ko tsinke ban ɗaga ba, amma wallahi barci ya ƙaurace min. Shin sakin nan ya saku? Wa zan kai wa kukana, kwamandansa ko alƙali? Za a iya fitar da ni daga bariki? Kuma na gani a intanet wai matar soja in an sake ta tana da rabin fanshonsa, haka ne? Mahaifina ya rasu, kawuna ne waliyyina.

Maman Khalifa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu 'yar'uwa. Kafin masana su zo, kada ki ba kowa mukulli, kada ki ba kowa yaro. Ki ɗauki hoton saƙon yadda lambarsa da rana za su fito, ki tura wa kawunki ya ajiye. Waya tana iya faɗawa ruwa gobe.

Malam na Ƙofar Doka: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki haƙuri ƙanwata. Saki a rubuce yana aukuwa, kuma malamai suna ɗaukar saƙon waya a matsayin rubutu, da sharaɗin a tabbatar shi ne ya rubuta kuma sakin yake nufi. Tunda ba a same shi ba, ki ɗauka ya saku har a ji daga bakinsa, ki fara lissafin idda daga ranar Juma'ar.

In wannan ne na farko ko na biyu, saki ne na kome. Yana da damar mayar da ke cikin idda ba sabon sadaki, kuma ci da sha da tufafi da wurin kwana duk suna kansa har ki gama. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta, ta kuma hana ita ta fita. Wannan tafiya gida da muke yi da zarar an furta saki al'ada ce kawai. Iddarki tsarki uku ne. In shayarwa ta ɗauke miki jini, to iddar ba ta ƙarewa da cikar wata uku kamar yadda mata da yawa ke zato, sai ya dawo an ƙirga. Ki samu malama ki yi mata bayanin halinki dalla-dalla.

Batun yara kuwa, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ke da haƙƙin reno: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wani, renon ya koma hannun mahaifiyarta. Yayan miji yana can nesa a layi. Ciyarwa da makaranta da magani kuma suna kan uba, ko a hannun wa yaran suke.

Akwai abin da ba a son faɗa, amma mijinki a bakin daga yake. Allah Ya dawo da shi lafiya. In ta Allah ta kasance kina cikin iddar kome, matarsa ce ke, za ki yi takaba wata huɗu da kwana goma, kuma kina da tumuni, wato ɗaya bisa takwas na abin da ya bari, ku raba da abokiyar zama in akwai.

Barista: Abin da Malam ya faɗa shi za ki ji a gaban alƙali. Ni zan ƙara bangaren doka. Rundunar soja ba ta ɗaura aure, ba ta kuma kashe shi. Kotun soja ta laifin aiki ce. Irin auren da aka ɗaura shi ke nuna kotun da za a je, kuma naki na Musulunci ne, don haka Kotun Shari'ar Musulunci ta yankinku za ki nufa. In hukunci bai yi miki ba akwai ta sama da ita, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Kaduna. Abu uku za ki nema: a tabbatar da sakin a ba ki takarda, a bar miki riƙon yara, a yanka masa kuɗin ciyarwa na wata-wata.

Na ukun nan ne wurin da zamansa soja zai amfane ki. Dokar Rundunonin Soja ta ƙasa ta ba da damar a riƙa cire kuɗin ciyar da mata ko 'ya'ya daga albashin soja, musamman in akwai umarnin kotu. Ɗan kasuwa yana iya rantsuwa bai samu ciniki ba, amma albashin kofur a rubuce yake. Sammaci kuma ta hannun kwamandansa ake bi da shi. Sai dai ki sa haƙuri, mutumin da ke bakin aiki ba ya zuwa kotu sai an ba shi fas, alƙali zai iya ɗage zama ko ya karɓi wakilinsa.

Zancen rabin fansho ki cire shi a ranki, dokar Amurka kika karanta. A can akwai dokar 1982 da ta ba kotunan jihohi damar raba kuɗin ritayar soja tsakaninsa da matar da suka rabu, kuma ko a can ɗin ba dole ba ne ya zama rabi. Kafin gwamnati ta riƙa biyan matar kai tsaye ma sai auren ya yi shekara 10 a cikin shekarun aikinsa. A auren Musulunci a nan, dukiyarsa tasa ce, taki taki ce. Kayan ɗakinki, sauran sadaki in akwai, bashin da kike binsa, da duk abin da kika sa kuɗinki a ciki kina da shaida, waɗannan ne naki. In ba ki da kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna taimaka wa irin ki kyauta.

Hajiya Babba: Ni fa ban ji daɗin yadda aka yi saurin ambaton kotu ba. Saki ɗaya ne, mutumin nan kuma Allah kaɗai Ya san abin da idonsa ke gani a daji. Wanda ke kwana da takalmi a ƙafa zuciyarsa a kusa take. 'Yata, in sammaci ya same shi a gaban ogansa, kunyar nan kaɗai za ta iya sa ya cike sauran biyun. A fara tura manya.

Maman Ilham: Hajiya a yi min afuwa. Ni ma zaman barikin na yi, haƙurin nan aka yi ta ba ni har idda ta ƙare ba takarda ba kuɗin abinci, daga baya ya ce shi bai taɓa sakina ba. A tura manya, na yarda, amma a rubuta abin da aka yi a gaban shaidu.

Baba Samanja mai ritaya: Hajiya da Maman Ilham duk kuna da gaskiya, kuma bariki yana da hanyar da ta haɗa maganarku. 'Yata, gobe da safe ki je wurin Magajiya, shugabar matan bariki, ki gaya mata komai. Aikinta ke nan, ita za ta kai ki gaban samanjan bariki. Sannan ku ga limamin bariki. Soja na da sashen harkokin addinin Musulunci, limaman nan ma'aikata ne masu kaki, suna da hanyar samun mutum a inda wayarki ba ta shiga. Shi zai tambaye shi: kai ka rubuta? Saki nawa? Za ka mayar? Wannan ba ƙara ba ce, ba ta taɓa masa igiyar muƙaminsa.

Ɗakin da kike ciki na gwamnati ne, da sunan mijinki aka bayar. Yayansa farar hula ne, ba shi da ikon karɓar mukulli, ko shigowarsa sai da izinin masu gadin ƙofa. Amma ba zan ɓoye miki ba, in idda ta cika bai mayar da ke ba, zamanki a ɗakin ya zo ƙarshe. Ki fara tunanin inda za ki sauka da yara tun yanzu, ki nemi hukumar bariki ta ba ki lokacin kwashe kaya.

Ki tattara takardar aure, takardun haihuwar yara, katin asibiti, ki rubuta lambarsa ta aiki da rundunar da yake. Inshorar lafiya tana ɗaukar mata da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ke za a iya cire ki bayan rabuwa, yaran kuwa suna nan a kai. Fom ɗin da soja ke rubuta sunan makusancinsa ma yana iya canza shi duk lokacin da ya so, sai dai sunan da ke kai ba ya cinye gadon 'ya'ya.

'Yar Wusasa: Barista, ni a coci aka ɗaura nawa, muka kuma yi rajista. Shi ma soja ne. Ɗaya ne da nata?

Barista: A'a 'yar'uwa. Naki yana ƙarƙashin dokar aure ta 1970, Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke iya raba shi, saƙon waya ba ya kashe shi. Sai an gamsar da alƙali cewa auren ya lalace ba gyara, kuma ba a shigar da ƙara kafin ya cika shekara 2 sai da izinin kotu. A nan alƙali yana da ikon yanka kuɗin kula da mata da raba kadara. Ki turo naki daban mu duba.

Ɓoyayyiya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na tura wa kawu hoton saƙon, ya ce zai shigo gobe mu ga Magajiya da liman tare. Baba, in yayan nasa ya dawo kafin nan fa?

Baba Samanja mai ritaya: Ki gaishe shi da mutunci daga cikin ɗaki, ki ce magana tana hannun kawunki da liman. In ya matsa, ki aika yaron maƙwabta ya kira Magajiya.