Masu aiki da taswirar ginin jami'a, me kuka gani?

Sabon ɗan kwamiti: Salamu alaikum jama'a. An sa ni a kwamitin sabunta taswirar gine-ginen jami'armu. Waɗanda suka taɓa wannan aiki, ku ba mu labari.

Injiniya mai ritaya: Wa alaikumus salam. Hukumar NUC mai kula da jami'o'in Najeriya ba ta ba sabuwar jami'a lasisi sai ta ga taswira, don haka kowa na da ita. Bin ta ne aiki. Taswira ta shekaru masu yawa ce, shugaban jami'ar tarayya kuwa wa'adinsa shekara 5, ba ƙari. Kowa so yake ya yanke kirtanin gininsa kafin ya sauka. A inda na yi aiki, filin da aka ware wa magudanar ruwa aka dasa wa babban ɗakin lacca, don nan ne bakin titi, baƙi za su gani. Damina na sauka ɗalibai suka koma naɗe wando suna riƙe takalma a hannu. Ɗan kwangila bai yi laifi ba, inda aka nuna masa ya haƙa.

Malama a sashen kimiyya: Injiniya, ka manta batun kuɗi. Tun dokar 2011 da ta kafa TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, yawancin sabbin gine-ginenmu nasa ne, kuma kuɗin aiki-aiki suke zuwa. Mun karɓi ɗakin gwaje-gwaje fes, har da famfuna, amma babban bututun da zai kawo ruwan yana wani kasafin daban. Da jarka muke koyarwa.

Tsohon ɗalibin BUK: Ku sa sufuri a lissafi. Muddin akwai tsohuwar jami'a a wuri ɗaya, sabuwa kuma can a titin Gwarzo, mota ce ke yanke ko za ka riski lacca. Haka 'yan ABU suke tsakanin Samaru da Kongo.

Ma'aikacin safiyo: Ranka ya daɗe, kafin komai ka tambayi takardar mallakar fili da ta biyan diyya. Mu mun je aune inda taswira ta ce filin wasa, muka tarar da gero ya kai kafaɗa, ga maƙabarta a gefe. Dagaci ya ce ba wanda ya biya iyayensu.

Sabon ɗan kwamiti: Na gode. Malam mai safiyo, yaya kuka ƙare da dagacin?

Ma'aikacin safiyo: Filin wasan aka matsar. Maganar diyya har yanzu tana gaban majalisar gudanarwa.